Rasuwar Goggo Shuɗiya, Motar Layi na Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyin da suka gaji da taka kuloci, ni direban Layi na Tara nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi yana leƙen kwana, rasuwar abokiyar aikina kuma uwar ɗakina, motar bas ɗin nan da kuka sani da Goggo Shuɗiya. Rai ya yi halinsa ranar Juma'ar da ta gabata, da ƙarfe shida da kwata na yamma, a cikin garejin hukuma, lokacin da na kashe ta na zare makulli na miƙa wa manaja. Ta rasu tana da shekara ashirin da uku a duniya, goma sha bakwai daga ciki a hannuna.

Na san wasunku sun riga sun ga labarin a takardar sanarwar wata da hukumar unguwa ke liƙawa a allo. Ni dai ban kira wannan sanarwa ba. A lamba ta bakwai suka sa ta. Lamba ta shida ita ce an mayar da ranar kwashe shara daga Talata zuwa Alhamis, lamba ta takwas kuma an rufe wurin ninƙayar yara sai an gyara famfo. A tsakanin shara da famfo aka cusa ta, cikin layi biyu: "An dakatar da Layi na Tara saboda ƙarancin fasinjoji. Muna ba da haƙuri." Hoton sabon lilon filin wasa ma ya samu wuri fiye da ita. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta mata tata, ko da yake hannuna ya fi sanin sitiyari a kan biro.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai kawaici, ba ta da garaje. A iya zamana da ita ba ta taɓa tashi a murɗa ɗaya ba. Sai ta yi tari uku, kuf, kuf, kuf, ta yi shiru kamar mai tunanin ko aikin yau ya cancanci wahalar, sannan ta ce gurrr ta kama. Ƙofarta takan ja dogon numfashi, fsss, kafin ta buɗe da gaf. Birkinta kuwa, ƙiiii ɗin da yake yi a gangaren bayan makaranta, iyaye mata da yawa da shi suke sanin lokacin sa wa yara takalmi ya yi. Hon ɗinta ya shaƙe tun shekara shida da suka wuce, abin da ya rage sai wani faa mai rauni da ko akuya ba ta matsa masa. Ba ta buƙatarsa ma. Kowa ya san ta iso.

Ba za mu ce ba ta da aibi ba, mamaci ma ba a yi masa ƙarya. Tagar kujera ta biyar ba ta rufuwa, kuma in ana ruwa akwai wani ɗigo a saman kujerar baya da ya san ƙeyar kowa a unguwar nan. A hawan tudu sai ka ji kamar ka sauka ka taya ta. Fentinta ya daɗe da barin shuɗi, sunan ne kawai ya rage. Amma ba ta taɓa kwana da fasinja a hanya ba, ba ta taɓa taka ko kaza ba, kuma ba ta taɓa wuce mai ɗaga hannu ba. Wannan na ƙarshen shi ne mafi kyawun halinta, shi ne kuma ya yi ajalinta, kamar yadda za ku ji in kun yi haƙuri da ni.

Ta rasu ta bar ni, direbanta, wanda wata goma sha huɗu ya rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa. Ta bar makanikenta, wanda duk gareji ke kira Sai-Gobe, mutumin da ya ɗaure mata bututun hayaƙi da waya sau ba adadi yana ce mata, "Goggo, ki rufa mini asiri ki kai ƙarshen wata." Tun ranar Juma'a yake zaune a kan tsohuwar taya yana goge sifanar da ba ta yi datti ba. Ta bar mai shagon kwana, wanda ke ajiye mini ruwan sanyi a zagaye na uku. Ta bar 'yan makaranta, da ma'aikatan shara na asibiti, da masu gadi da ke dawowa da safe ido ja. Ta bar tayar safaya guda ɗaya da ba a taɓa sa mata ba, da laima huɗu da aka manta a cikinta babu wanda ya zo nema.

Cikin waɗanda ta bari akwai wadda rashin ya fi taɓawa, wato Malama. Duk wanda ya girma a unguwar nan ya san ta, don ita ta koya wa rabinmu rubutu, har da 'yata ta fari. Yanzu ta tsufa, ƙoda ta gaza. Litinin, Laraba da Juma'a, ƙarfe bakwai da rabi na safe dole ta kasance a kan gadon wankin ƙoda a babban asibiti. Shekara huɗu Shuɗiya na tsayawa a daidai ƙofar gidanta da ƙarfe bakwai saura kwata, in sauka in riƙe mata jaka, ta hau ta zauna a kujerar farko ta hannun dama, ta ce, "Ɗan nan, ka makara da minti biyu." Ko ban makara ba sai ta faɗa. Babu wata motar da ke zuwa asibitin daga nan kai tsaye sai Layi na Tara.

A madadin marigayiya, hukuma ta ce ta tanadi ƙaramar motar da ake kira ta manhajar waya. Sai ka yi rajista kwana biyu kafin tafiya, kuma ba ta fara aiki sai ƙarfe tara. Wayar Malama irin mai maɓallan nan ce, ko hoto ba ta ɗauka. Shekaranjiya Litinin ba ta samu mai kai ta ba, wanki ya wuce ta, jiya na je gaishe ta na ga ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ta shiga. Ɗanta ya ce in abin bai gyaru ba zai zo ƙarshen wata ya kwashe ta zuwa wurinsa cikin gari, hawa na huɗu, a rufe gidan da ta yi shekara arba'in a ciki. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, wa zai riƙa ba shukokina ruwa?"

To, yanzu sai batun jinya. Ana cewa marigayiya ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, kuma gaskiya ne, kwana biyar kacal ta yi. Amma ba inji ne ya buga ba, ba giya ce ta ƙi shiga ba. Sai-Gobe ya rantse da za a bar ta da ta ƙara shekara uku.

Ga yadda abin ya faru. A takardar hukuma, Layi na Tara tasha uku gare shi a unguwarmu. Wanda ya zana su ya zana ne tun kafin a gina gidajen gangare, ina jin kuma a ofis ya zana, don babbar tashar tana can saman tudu kusa da tankin ruwa, inda babu gida ko ɗaya sai iska. Mutane kuwa duk a ƙasa suke. Tsoho mai sanda ba zai hau tudun nan ba, mai ciki ma haka. Don haka tun shekarata ta farko na fara tsayawa inda mutane suke: gindin bishiya, gaban kyamis, kwanar shago, ƙofar Malama, har sai da wuraren tsayawa suka kai goma sha ɗaya. Kowa ya san ba a yarda da haka ba, kowa kuma ya kama bakinsa. Katin wata ake nuna mini da hannu in gyaɗa kai, babu wata na'ura, don haka babu wanda ya san yawanmu a ofis sai in an zo an ƙirga kawuna. Mu kuwa da safe har tsaye ake yi.

Wata uku da suka wuce aka raba mana takardar gargaɗi a gareji: duk direban da aka kama yana tsayawa a inda ba tasha ba, sallama ce, babu jan kunne. Na karanta, na ninke, na sa a aljihu, na ci gaba da abin da na saba, amma a tsorace. Bayan mako biyu, wata ranar Asabar, manaja ya kira ni ya ce daga Litinin wani mutum daga ofis zai riƙa bin motata har Juma'a. Ban tambayi me zai yi ba. Ni a kaina na riga na gama lissafi: an kai ƙarata, sufeto ne zai zo ya kama ni dumu-dumu.

Ranar Lahadi da la'asar na sa takalmi na bi gida gida. Na ce wa mutane, "Don Allah ku rufa mini asiri, mako ɗaya ne. Ba zan tsaya a ƙofar kowa ba. Kada ku ɗaga mini hannu, kada ku gaishe ni kamar kun san ni." Iyakar abin da na roƙa ke nan. Amma kun san halin unguwar nan, in aka ce a taimaka sai an wuce gona da iri. Mai shagon kwana ya tara mutane ya ce, "In muka hau, wani zai manta ya danna ƙararrawa a ƙofar gidansa, shi ke nan mun kashe bawan Allahn nan. Gara kada kowa ya hau." Haka aka yi. Ya fito da motar kayansa yana kwasar tsofaffi. Masu mota suka raba kwanakin Malama a tsakaninsu. 'Yan makaranta suka taka da ƙafa, masu gadi suka bi ta babban titi suna canjin mota biyu. Duk don ni.

Litinin mutumin ya zo, siriri, mai tabarau, da fayil a hammata da wata 'yar na'ura da ake latsawa da babban yatsa. Ya zauna a kujerar Malama. Muka hau tudu, na tsaya a tasha cak, ƙofa ta ce fsss, gaf, babu kowa. Muka gangara, muka wuce gindin bishiya, muka wuce kyamis. Mutanen da na sani shekara goma sha bakwai suna juya mini baya suna kallon bango, ni kuma zuciyata fari fat, ina cewa kai, Allah ya yi mini arzikin maƙwabta. Shuɗiya kaɗai ce ba ta san da shirin ba. Duk inda ta saba tsayawa sai in ji ta yi nauyi a ƙafata, birki ya fara ƙii, in danna mata mai mu wuce. Kwana biyar tana yawo kusan ba kowa a ciki, kujerun na kaɗawa, kaf-kaf-kaf, ƙarar da ban taɓa ji ba sai a makon nan, don kullum da mutane a kansu.

Ranar Juma'a da muka koma gareji, mutumin ya miƙo mini hannu ya ce, "Direba, ban taɓa ganin mai bin doka irinka ba. Amma ina mutanen layin nan suke? Kwana biyar, mutum ashirin da uku na ƙirga." A nan ne ya kamata in farka. Na ga na'urar a hannunsa, na ji ya ce ƙirga, ba kama ba. Wallahi na gane a take, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma takardar gargaɗin na cikin aljihuna, sai na ji bakina yana cewa, "Haka layin yake, ranka ya daɗe. Shiru ne." Ya rubuta. Na ga lokacin da ya rubuta.

Daga nan Shuɗiya ba ta sake lafiya ba, ko da yake Litinin ta gaba ta cika maƙil ana ta dariya ana ba ni hannu, ana cewa mun yi wa sufeto wayo. Mako shida bayan haka takarda ta fito. Aka ce layin ba shi da mutane, motar kuma ta tsufa da yawa a mayar da ita wani layi. Ni aka ce in koma jigilar ma'aikatan gareji har ritayata ta zo, aiki mai sauƙi, an ce ma sakayya ce don rahoton mutumin ya yabe ni.

Tun da sanarwar ta fito nake jin ana zagin hukuma a kwanar shago, ana cewa azzalumai ne, ba su san talaka ba. Ni ma nakan gyaɗa kai. Mai shago ya tara sa hannun mutum ɗari uku da wani abu ya kai ofis, ya dawo a gajiye. Matar da ke kan tebur ta gaya masa sa hannu abu ne mai kyau, amma su da alƙaluma suke aiki. Ba za a sake ƙirga ba sai in wani ya kawo hujja a rubuce cewa ƙirgar farko ta samu matsala, kuma ƙofar ƙorafi za ta rufe ranar Litinin mai zuwa da ƙarfe goma sha biyu. Mai shagon ya zo ya same ni a gida, ya zauna, ya sha ruwa, muka yi hirar tsadar taya. Ya san hujjar tana wurina, na san ya sani. Bai tambaye ni ba. Da zai tafi sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka sa wa ranka damuwa, za mu san yadda za mu yi da Malama." Wannan maganar ta fi zagi ciwo.

Ba za su san yadda za su yi ba. Lokacin ƙirgar ma mako ɗaya aka iya, da kyar. Masu motar nan kowa na da wurin aikinsa, kuma ciwon ƙoda ba ya zuwa hutu.

Na gaya wa mai ɗakina komai. Ta daɗe tana tsinke zaren gefen zaninta kafin ta ce, "Baban yara, wata sha huɗu ne fa. Shekara talatin kana tashi da asuba, yanzu a kore ka kamar ɓarawo? Ka kama bakinka, ba kai ka zana tasha a kan tudu ba." Gaskiya ta faɗa, ban musa mata ba. Jiya da na dawo daga gaida Malama na kasa cin abinci, ta dube ni ta dube ni, ta tashi ta shiga ɗaki. Can sai na ji ƙamshin guga. Ta fito da farar rigata ta rataye a bayan ƙofa ta ce, "In dai za ka je, kada ka je musu a yamutse."

Na gaji, jama'a. Na gaji da gyaɗa kai in ana zagin mutanen da ba su yi komai ba sai ƙirga abin da muka nuna musu. Na gaji da bi ta bayan layi don kada in wuce ƙofar Malama. Bayana ya gaji, idona ya gaji, kuma ban san akwai gajiyar da barci ba ya maganinta ba sai bana. Don haka wannan takarda guda biyu ce. Ɗaya ita ce kuke karantawa a allo, a ƙasan sanarwar shara. Ɗayar, da sa hannuna da lambar aikina, ita zan kai hawa na biyu a ofishin hukuma ranar Litinin da ƙarfe takwas. Duk abin da ke nan yana can: tasha goma sha ɗaya, yawon Lahadi, da maganar da na faɗa wa mai ƙirga. Ina roƙon kada wani ya yage wannan don ya rufa mini asiri. Rufin asirin ya isa haka.

Iyalan marigayiya na godiya ga duk waɗanda suka zo ta'aziyya, da waɗanda suka bugo waya, da wanda ya ɗora furanni a kan gilashinta, ko da yake mai gadi ya ce daga gaban ofishin manaja aka tsinko su. Muna neman gafarar duk wanda ta taɓa fesa wa hayaƙi, ko ta ɗiga masa ruwa a ƙeya, ko ta sa ya makara. Halinta na gari ya bi ta. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Janwe, motar jan motoci, zai ɗauko ta daga gareji zuwa filin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan gada. Sai-Gobe ne zai yi mata wanka, ya kuma roƙi a bar masa madubin hannun hagu. Na roƙi direban janwe ya bi da ita ta tsohuwar hanyarta, a hankali, ya yarda, amma ya ce ba zai tsaya ko'ina ba, shi ma yana da iyali. Mai son sallama da ita ya fito ƙofar gidansa. Wannan karon an yarda a ɗaga hannu. Ba za a yi zaman makoki ba, kowa ya koma harkarsa.

Shuɗiya ba za ta dawo ba, ni ma na san ba zan sake riƙe sitiyarin hukuma ba. Amma in ofis ya karɓi takardata, za a turo wata mota ta gwaji da wani mai ƙirga, mako ɗaya. Direban da zai zo ba ni ba ne, bai san ƙofar kowa ba, kuma kada ku sa shi a irin halin da na sa kaina. Ku fito kwanku da kwarkwatarku, ku hau tudu, ku jira shi a tasha, ku bari a ƙirga ku ɗaya bayan ɗaya. A makon ƙirgar, ƙarfe shida da rabi zan kasance a ƙofar Malama, ba ni da wani aikin da zan makara. Ni zan riƙe mata hannun dama. Ana neman mai ƙarfi ɗaya ya riƙe na hagu.

Sanarwa daga direbanta, a madadin duk masu hawa Layi na Tara.